Baƙi Uku a Zauren Gwaggo Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso!

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe!

Akwai wata mai ɗinkin hula, Gwaggo Tasalla. Tana da tsohuwar kwamfuta, zanen hulunanta na shekara talatin duk yana ciki. Kwamfuta ta tsufa. A kunna ta da hantsi, ta farka da azahar.

Gizo ya leƙo ya ce, "Gwaggo, wannan ai gawa ce. Jibi in zo da kwando in kwashe miki." So yake ya kwashe har da zanen.

Gwaggo ta ce, "Allah ya kai mu jibin."

To, akwai wasu tsuntsaye uku, uwarsu ɗaya. Su ne manhajojin da ke zama cikin kwamfuta su tafiyar da ita. Ba a sayensu, ba sa ɓoye komai, kowa na iya buɗe cikinsu ya duba. Gwaggo ta aika, suka zo a cikin filashi, ɗan ma'ajin nan da ake soka wa kwamfuta. Kowanne ya dubi kwamfuta ya ce, "Share gidan in shiga."

Gwaggo ta ce, "Baƙo a zaure yake fara zama. Daga filashi za ku yi aiki, babu mai taɓa mini ɗaki. Ku buɗe zanena, ku tashi firinta mai buga mini shi a takarda."

Ɗawisu ya fara. Ya baza wutsiya, allo ya yi kyau, tagogi suna rawa. Amma cinsa da yawa. Kwamfuta ta yi nishi, ta yi nishi, ta sandare.

Gwaggo ta ce, "Kyau kam ka gama shi, ɗan nan. Sai dai rumbuna ƙarami ne. Je gidan mai sabuwar kwamfuta, za a ji daɗinka."

Shaho ya sauko. Ga sauri, ga ido. Allo ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Rubuta umarni."

"Buɗe zanena."

"Ba haka ake faɗa ba. Rubuta umarni."

"To tashi firinta."

"Rubuta umarni."

Gwaggo ta ce, "Ni allura na iya. Je gidan masu son kwance abu su ɗaure da kansu, can ne za a girmama ka."

Saura 'yar Tsada. Sunanta Tsada, amma kyauta ce. Ba ado, ba cika baki, ƙwayar gero ɗaya ta ishe ta. Ta ce, "Ina wuni, Gwaggo?" Ta buɗe zane. Ta tashi firinta. Sannan ta ce, "Kafin in shiga, kwafe zanenki ki ajiye a wani wurin. Ko ni ina iya tuntuɓe."

Gwaggo ta ce, "Ke kaɗai kika tuna da kayana. Shigo."

Jibi ta yi, ga Gizo da kwando. Tun daga zaure ya ji firinta, cakat, cakat, cakat. Takarda ta fito da sabon zane, tsuntsuwa 'yar mitsitsiya a tsakiyar hula.

Gwaggo ta gyara ɗankwali ta ce, "Gizo, gawarka ce ke gaishe ka. Tunda ka zo da kwando, kai wa maƙwabta filashin nan. Kowa ya gwada a zaurensa."

Wanda ya dace da gidanka shi ne naka, kuma sai ka gwada kake sani.

Ƙurunƙus! Kan ɓera na Gizo ne, hular tawa ce.