Kurege Mai Gidan Haya da Dokar Yaɓe

Ga wata nan tafe gare ku, ku gyara zama.

A dajin Tsamiya Bakwai akwai wani kurege, Nadabo, mai ɗakunan haya uku da ya gada. Ɗakunan duk kafa ne. Iska takan shiga ta gabas ta fita ta yamma ba ta gaida kowa ba. 'Yan haya sukan biya shi da gyaɗa, yakan cinye ta tun kafin wata ya raba, sannan ya zauna da yunwa yana jiran wani watan.

Da sanyi ya kama, kowane ɗan haya a dajin sai ya ƙone dami uku na itace a mako, har itatuwa suka fara ƙarewa. Sai Zaki ya sa aka yi shela: duk mai ba da haya ya yaɓe bango, ya sa ƙyaure, ya sabunta jinka, in ba haka ba a rufe gidan. Amma an ɗauke wa mutum uku. Wanda ɗakinsa na tarihi ne, da wanda ɗan hayarsa ya ƙi aikin da bakinsa, da wanda magini ya shaida cewa gyara zai rusa masa ginin. Ɓauna aka naɗa mai duba gidaje. In ya yarda, sai ya dangwala kofato a laka a bakin ƙofa.

Nadabo bai ji farkon shelar sosai ba, amma ƙarshenta ya haddace.

"Doka uku, ɗakuna uku," in ji shi. "Kamar da ni aka yi shawara."

Da gari ya waye, Ɓauna ya iso ɗakin farko, inda Bushiya take zaune. Ya tarar da Nadabo durƙushe gaban wani tsohon ƙashi yana share hawaye. Nadabo ya ce a wannan ɗakin aka yanke wa kakar Zaki cibiya, wannan kuma ƙashin ragon sunanta ne. Ɓauna ya dubi ɗakin, wanda ko kan zaki ba zai shiga ba. Nadabo ya ce ai zakunan zamanin da ƙanana ne, abinci ne ya ƙara auki daga baya. Ɓauna ya ga zancen ya shafi fada, ya cire hula ya dangwala kofato. Bushiya ta buɗe baki za ta yi magana, haƙoranta suka hana ta don kaɗawa.

Da gari ya waye, Nadabo ya riga Ɓauna zuwa ɗakin Kunkuru. Bayan gaisuwa ya ce, cikin jimami, ya zo ne ya yi masa albishir za a yaɓe ɗakin. Sai dai yaɓen zamani da garin ƙoƙon kunkuru ake kwaɓa shi, kuma magina sun fi son wanda yake kusa. Ko da Ɓauna ya iso, Kunkuru ya shige cikin ƙoƙonsa, daga ciki yake rantsuwa cewa shi sanyi yake so, tun yana yaro likita ya ce ya riƙa kwana a iska. Nadabo ya roƙe shi a gaban Ɓauna har sau uku, ya ƙi. Kofato na biyu ya sauka.

"Ni ne Nadabo," ya ce a hanyar gida, "wanda ya gyara gida biyu bai taɓa laka ba."

Ɗaki na uku na Inna Gadu ne, mai 'ya'ya huɗu, biyu suna tari tun shigowar sanyi. Ita ba a tsorata ta, kuma ta riga ta gaya wa Ɓauna a kasuwa cewa gyara take so. Saura ƙofa ɗaya ke nan.

Da gari ya waye, Nadabo ya yi birgima a kududdufi har laka ta rufe shi, ya naɗe jelarsa a ciki, ya manna gemun auduga, ya rataya igiyar awo. Ya gabatar da kansa a matsayin Sarkin Maginan Gabas. Ɓauna ya tambayi mai gida, aka ce ya tafi ta'aziyya.

Magini ya zaga bangon, ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Ranka ya daɗe, shekara arba'in ina gini. Wannan bangon ko ƙuda ya sauka a kansa da ƙarfi, faɗuwa zai yi. Yaɓe kuwa, kada ma a ambata kusa da shi."

Inna Gadu ta miƙe. Ta shiga ta fito da 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya, ta jera su a rana.

Ɓauna ya ce to, shi dai ba ya dangwala kofato a kan abin da bai gwada ba. Ya ce magini ya shiga ya tsaya daga ciki ya nuna masa inda raunin yake. Nadabo ya shiga da ƙarfin gwiwa, don shi a saninsa ƙarya ya yi. Ɓauna ya ɗan jingina ƙaho.

Ashe gaskiya ya faɗa. Bangon ya zo gaba ɗaya, jinka ta biyo baya.

Da ƙura ta lafa, aka ga jela tana motsi a ƙarƙashin ƙasa. Inna Gadu ta kama ta ta fizgo. Laka ta fashe, gemu ya zauna a baya.

"Mai gida, ka dawo daga ta'aziyyar?" ta ce. "Ya haƙuri?"

Ta sa haure ta ɗaga shi sama, Ɓauna ya tare da goshi ya mayar mata. Suka yi haka har sau biyar, yara suna ƙirgawa tsakanin tari. Ɓauna ya yanke hukunci a nan take: fili ya zama na Inna Gadu, a gina mata sabo, sauran ɗakunan biyu kuma gobe zai koma ya sake dubawa.

Nadabo ya samu ya suɓuce, yana ɗingishi, ido ɗaya a kumbure. Sai da ya hau kan suri, inda ƙaho ba ya kaiwa, ya juyo ya ƙare wa kangon kallo.

"Malam Ɓauna," ya ce, "ɗakin da ba shi da bango ai rumfa ce, kuma shela ba ta ambaci rumfa ba. Bazara na zuwa. Mai son iska ya neme ni."

Ɓauna ya taka ƙafa ɗaya. Nadabo ya faɗa rami.

Nan ta ƙare, ƙurunƙus, kowa ya je ya duba bangonsa.