Abin da Ke Bayan Amawali

Masu riƙe da labarin mutanen da sun ce a Birnin Tsamiya Tara an yi wani sarki, Jatau ɗan Bagudu jikan Wari, toron giwa mai ban tsoro, hadari malafar duniya, wanda tun ranar naɗinsa aka ja masa amawali, gefen rawanin nan mai rufe fuska, ba a bar komai a waje ba sai ido. Dokokin garin biyu ne, ba mai daɗin ji a cikinsu: wanda ya ga fuskar sarki a ƙwaƙule masa ido, sarkin da ya makance kuma a kai shi Dutsen Shiru a baro shi can. Sarakuna bakwai aka kai a jere, amma ba wanda ya taɓa tambayar me ya sa makanta ke bin gidan nan kamar gado.

To, ga Jatau ma abin ya iso. Fatar idonsa ta kumbura ta yi jajur, gindin gashin ido ya yi ɓawo fari-fari, kwantsa ta liƙe shi kowace safiya, yana ji kamar an watsa masa yashi. Masu magani suka yi ta tururuwa, wannan ya ɗiga, wancan ya sa tozali, kowa ido yake wa aiki don shi kaɗai aka yarda ya gani. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Waziri kuwa har ya sa an fara share hanyar dutse.

A bakin ganuwa akwai wani majemi, Nomau ɗan Cindo, wanda uwarsa ce ta shayar da sarki, suka taso a tabarma ɗaya, ga shi shekara ashirin rabonsa da fuskar ɗan'uwansa na nono. Da ya ji batun share hanya sai baƙin ciki ya tokare shi, ya yar da fatun da yake jima, ya rantse sai ya gano abin da ya cinye sarakunan baya, ko da can zai bar ƙashinsa. Dutsen nan daga ƙofar gari ake hango shi, amma wata uku cur Nomau ya yi yana hawa. Ya ratsa wani birni fari fat, tsit, ba tsuntsu ba ƙuda, ya bi ta kasuwar da aljanu ke auna hawaye da ludayi, masu saye na tsaye da busassun idanu ƙuru-ƙuru, har ya iso fadar Gwamma, sarauniyar aljanun dutse, doguwa siririya, mai murya kamar ana jan tabarma a daɓe.

A zaurenta ya tarar da sarakunan nan, su bakwai, a jere cikin rawunansu, ba matattu ba, ba rayayyu ba, idanu sun yi yana fari sol, ba ƙiftawa, ba a jin komai sai ƙarar susa ta bayan amawali, ƙarat, ƙarat. Tsoro ya kama shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a janye sammun da aka yi wa gidan sarauta. Sarauniya ta yi dariyar takaici.

"Ya kai ɗan Adam, ku yi ɓarna da hannunku ku ɗora wa aljani. Ba mu taɓa kowa ba, ajiya kuke kawo mana. In kana son sani, ɗaga amawalin ɗaya da hannunka, amma ka san dokar garinku tana jiran idonka."

Nomau ya matsa gaban Bagudu, mahaifin sarki, ya sauke ƙyallen. Subhanallahi! Kumatu da hanci da goshi duk sun tsattsage sun yi saɓa, shunin rawani da gumin shekaru sun ci fata, ciwon ya hau har bakin fatar ido, ta ƙanƙance ta lanƙwashe ciki, gashin ido ya koma yana kartar ƙwayar. Majemi bai buƙaci bayani ba, ya san fatar da aka naɗe da danshi aka hana ta iska daga gefe take fara lalacewa. Tsohon sarki ya ja numfashi, ya ce a hankali, "Ashe haka iska take."

Ranar da Nomau ya komo, fada ta cika maƙil, an kawo gadon ɗaukar sarki. Ya zube ya ce, Allah ya ja zamanin sarki, ciwon ba a ido ya fara ba, a fuska yake, ido maƙwabci ne gobara ta shafa. A cire amawali, a riƙa gasa fatar ido da ruwan ɗumi, a shafa man kaɗanya a fuska. Waziri ya tambaye shi yadda aka yi ya sani, shi kuwa bai ɓoye ba. Nan take dogarai suka danne shi, aka aika a kira wanzami ya ƙwaƙule masa ido.

Sarki ya kai hannu ya warware rawani, ninki bayan ninki, har ya zube a ƙasa, ya juyo da fuskar nan ga jama'a.

"Waziri, ka gani. Liman, ka gani. Dogarai, kun gani. Wanzami ya fara da wanda ya fi girma a cikinku."

Ba wanda ya motsa. Nomau ya ɗago kai ya dubi ɗan'uwansa, ya kasa gane yaron da ya sani sai da sarki ya kira shi da sunan da uwarsu ke kiransa, sannan Nomau ya fashe da kuka. Aka naɗa shi Sarkin Majema, shi ne kuma mai wanke wa sarki ido kowace safiya. Na dama ya dawo garau. Na hagu ya riga ya tafi, da kwana kaɗan aka makara, kuma Nomau bai taɓa yafe wa kansa jinkirin hanya ba. Allah ya tsare mana ganinmu, ya hana mu ɓoye ciwo ga mai magani.