Yadda Malam Ya Ɓoye Shekari Ranar Rubutun Riga

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Yake ajiye bayinSa na ƙwarai a cikin jama'a, ana gogar kafaɗa da su ba a san ko su wane ne ba. Wannan ɗaya ce daga cikin karamomin shehinmu, malami masani, mai tsantseni da gudun duniya, Allah Ya ƙara masa yarda, Ya haskaka makwancinsa. Ba a kama sunansa a nan, domin shi da kansa ya hana tun yana raye.

Malam ya yi zurfi a fiƙihu da nahawu da tafsiri, har manyan malamai kan aiko masa da tambaya, amma duk da haka ya zaɓi ya koyar da Larabci da addini a wata sakandaren gwamnati da ke bayan masana'antun Kudenda, shekara talatin da ɗaya yana shan alli. Lokacin da rigingimu suka raba Kaduna biyu, danginsa suka kwashe suka haye kogi, shi kuwa ya ce yana da ɗalibai a nan, ba inda za shi. Abokan aikinsa kusan dukkansu Kirista ne, kuma Baba suke ce masa. Ba ya barin azumin Litinin da Alhamis, buzunsa kullum yana shimfiɗe a lungun ɗakin malamai, bayan kabad.

Cikin abokan aikin nan akwai Malam Shekari, malamin lissafi, mazaunin Sabon Tasha, da matarsa Debby da 'ya'ya uku ƙanana. Shi aka ɗora wa aikin ladabtarwa, aikin da kowa ke gudu, aka miƙa masa almakashi, domin dokar makarantar ita ce duk yaron da ya tara suma a datse masa ita a wurin taron safe. Akwai wani ɗan ajin ƙarshe, Clinton, wanda ya tara tasa ya murɗe ta. Sau uku Shekari yana yi masa kashedi, a na huɗu ya sa almakashi ya fitar masa da hanya a tsakiyar kai, a gaban 'yan mata, makaranta duka ta kwashe da dariya. Clinton bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya tsince gashinsa ya zuba a aljihu, ya ce, "Ba komai, Sa. Mu haɗu ranar rubutun riga."

Wanda bai koyar a makarantun nan ba ba zai san nauyin wannan magana ba. Ranar da 'yan ajin ƙarshe suka gama jarrabawarsu ta fita, sukan sa fararen riguna, kowa ya yi wa ɗan'uwansa rubutun ban kwana a jiki da alƙalamin maka. A ranar ne kuma suke rama abin da suke ganin malamai sun yi musu, tunda makaranta ba ta da sauran iko a kansu. Shekara biyu kafin nan an karya wa Malam Nathan hannu a bakin ƙofa, yanzu keke mai ƙafa uku yake tuƙawa a Narayi. An rubuta rahoto, rahoto ya shiga durowa. Mai gadin makarantar tsoho ne, makaminsa sanda. Saboda haka malamai suka yi wa kansu dabara: duk wanda ya san ana haƙonsa, ranar ba ya zuwa da abin hawa, kuma saura rabin awa a karɓi takardu sai ya sulale ta wani rami da ke katangar baya. Mutane masu digiri da furfura, suna rarrafe ta ramin katanga kamar awaki. Wallahi abin kunya ne, amma haka aikin ya koma.

Shekari ya san dabarar sarai, shi ma ya yi niyyar bin ta. Sai dai ranar, wata Alhamis cikin damina, 'yarsa Favour ta tashi da zazzaɓi, ya ɗauke ta a babur ya kai asibiti, ya bar ta da uwarta, ya ga ya makara, ya wuce makaranta kai tsaye. Hankalinsa na wurin yarinya, ya kafe jan babur ɗinsa ƙarƙashin mangwaro, inda ya saba kafe shi shekara tara, inda duk mai tsayawa a bakin ƙofa zai hango shi. Bai tuna ba sai da ya ga abokansa suna bin ramin ɗaya bayan ɗaya. Ya kai bakin ramin ya tsaya, domin babur ɗin nan shi ne ƙafar gidansa. Ya juya da nufin ya tura shi bayan ajujuwa, kafin ya kai sai ya ji an banke ƙofar makaranta. Clinton ne da farar riga, da yayansa Friday, da samari wajen goma sha biyar waɗanda ba ɗalibai ba, riƙe da gora da adduna. Biyu daga ciki suka zaga suka tsare ramin.

Ya ruga ɗakin malamai. Malamai mata uku, har da Madam Juliana mai tsohon ciki, sun riga sun shige ɗan siton da ke cikin ɗakin sun ja ƙofar falanki. Malam kaɗai ne a fili, zaune a kan buzu da carbi a hannu.

Shekari ya ce, "Baba, sun zo. Yau kashe ni za su yi." Yana faɗa yana ganin Debby a ransa, a kan bencin asibiti da yarinya a cinya, tana jiran ya dawo ya ɗauke su.

Malam, Allah Ya yarda da shi, ya miƙe a hankali kamar wanda aka kira cin abinci. Ya ce, "Zauna a kujerarka, ɗana. Ɗauki jan bironka ka ci gaba da duba takardun yara. Kome ka ji, kada ka ɗaga kai, kada ka yi magana." Ya yi karatu a ɓoye, ya tofa a tafin hannunsa, ya shafa wa Shekari a ka da kafaɗu, sannan ya je da kansa ya buɗe ƙofar ɗakin ya wangale ta.

Shekari ya zauna, ba don ya yarda ba, sai don ba shi da wata mafita. Teburinsa kuwa shi ne na farko da mai shigowa zai yi karo da shi. Ya jawo takardun 'yan aji biyu, yana kiran sunan Yesu a zuci.

Suka shigo da ihu. Suka kifar da kabad, suka leƙa bayan ƙofa, suka ɗaga labule. Friday ya zo ya aza addarsa a kan takardun da Shekari ke dubawa, ya dafa teburin da hannu biyu, guminsa yana ɗiga a kan lissafin wata yarinya, yana cewa, "Babur ɗinsa na waje, yana cikin nan." Clinton ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin teburin, har rigarsa ta gogi gwiwar Shekari, har Shekari ya karanta abin da wata ta rubuta masa a kafaɗa da koren maka. Ya jawo durowar da ke daidai cikin Shekari, ya ciro almakashin nan ya ɗaga sama. Amma mutumin da suka zo nema, yana zaune a gabansu tsakar rana, Allah Ya rufe idanunsu ba su gan shi ba. Madam Juliana tana leƙe ta tsagar falanki, ta ce ita tana ganinsa ƙuru-ƙuru, da jan biro a hannu. Clinton kuwa daga baya ya rantse a gaban 'yan sanda cewa kujerar ba kowa a kanta.

Friday ya juya wurin Malam ya ce, "Baba, ina yake?"

Malam bai taɓa yin ƙarya ba, ranar ma bai yi ba. Ya ce, "Yana inda Allah Ya ajiye shi."

Sai idon Friday ya faɗa kan ƙofar sito, ya ɗauki addarsa ya nufe ta. Malam ya riga shi, ya tsaya ya ba ƙofar baya, tsoho mai azumi wanda iska mai ƙarfi za ta iya turewa. Ya ce, "Mata ne a nan, ba za ku shiga ba. In malami kuke nema, ni ma malami ne."

Ba a so a faɗi abin da ya biyo baya, amma dole a faɗa. Gora ta sauka. Shekari yana jin kowane duka, yana jin jikin tsohon ya bugi falanki, ya sake bugawa. Hawaye ya jiƙa takardar da ke gabansa, jar tawada ta bazu. Ya dafa teburi zai miƙe, ya ce a ransa gara a kashe shi da wannan, sai ya ji muryar Malam daga ƙasa, a natse, ba ta ko rawa: "Ci gaba da aikinka." Samarin suka zaci tsoho ya fara sambatu ne. Shekari ya koma ya zauna, ya sa maki a tambayar da ba ya ko ganinta, kuma har yau yana cewa bai taɓa yin abin da ya fi wannan zaman wuya ba.

Sai da Clinton ya ga jini ya rina farin gemun, sannan ya riƙe hannun yayansa ya ce, "Ya isa, Broda, mu tafi." Suka fita, suka cinna wa babur wuta, suka watse. 'Yan sanda suka iso bayan hayaƙi ya lafa.

A asibiti aka ce haƙarƙari uku sun karye, kuma jini ya taru a ciki. Shekari ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Baba, wanda Ya rufe idonsu daga kaina, ai Yana iya rufe shi daga kanka. Me ya sa ba ka roƙa wa kanka ba?"

Malam ya tattara numfashi, sannan ya ce, "Sun shigo da hannu a ɗage, ɗana. Da ba su ga kowa ba, ƙofar siton nan za su fasa." Can ya ƙara da cewa, "Yaya jikin yarinyar?"

Kwana goma sha tara ya yi, ya koma ga Ubangijinsa ranar Talata da hantsi, saura wata huɗu ya yi ritaya. Kirista da Musulmi suka haye kogi tare suka raka shi. Kwamiti ya zo, ya zauna, ya rubuta rahoto. Samarin da aka kama ba su daɗe ba aka gan su a unguwa. Da aka yi maganar toshe ramin katanga, malamai da bakinsu suka roƙa a bar musu shi, domin shi kaɗai ne tsaron da suke da shi.

Debby ta yi kuka, ta yi roƙo, ta kai ƙara wurin fasto, a kan Shekari ya bar aikin ya nemi ko gadi ne a masana'anta. Bai bari ba. Ya ce mata maganar ƙarshe da Baba ya yi masa a ɗakin nan ita ce ya ci gaba da aikinsa, kuma an biya ta da tsada. Duk shekara ranar rubutun riga, abokansa suna bin rami, shi sai ya zauna a kujerar nan da jan biro, ƙofa a wangale. Ya sani sarai yanzu duk wanda ya shigo zai gan shi, domin buzun da ke bayan kabad ba kowa a kansa.

Allah Ka jiƙan shehinmu, Ka ɗaukaka darajarsa cikin salihan bayinKa, Ka sa jinin da ya zuba a bakin ƙofar nan ya zama haske a kabarinsa. Ka ba mu albarkacinsa. Ka dubi masu riƙe da alli a garin nan, waɗanda ke fita da safe iyalinsu ba su da tabbacin dawowarsu, Ka lulluɓe su da suturarKa, domin wanda yake tsaya musu ya tafi. Amin.