Bijimin da Ya Yi Ƙiba da Tohon Gero

An yi wani ɗan bijimi mai suna Duna, ƙaho ya fito amma jiki bai biyo ba. Siriri ne, ga son girma. A garkensu akwai tsohuwar saniya mai faɗa, Inna Guzuma, da wata balbela, Delu, wadda kullum tana bisa tozon Duna, bakinta ba ya riƙe magana.

Al'adar garken ita ce bayan girbi, bijimin da ya fi cika ido shi ke jan gaba zuwa mashaya. Ranar zaɓe ta zo, Duna ya rantse shi za a ba.

To, akwai wata gona kusa da aka yanke geronta, ruwan ƙarshe ya sauka, toho ya fito kore shar. Da sassafe Duna ya nufe ta.

"Kai, ɗan nan, ina zuwa?" in ji Inna Guzuma.

"Ƙiba zan je in yi, Inna."

"Da tohon gero? Ga raɓa, ga cikinka wayam? Fara cin busasshen kara, ka jira rana ta shanye raɓar, sannan ka ɗan taɓa."

Duna ya maƙale murya irin tata. "'Fara cin busasshen kaaara!' Shekara nawa kina cin karan, Inna? Haƙarƙarinki daga ƙetaren rafi ake ganinsu."

Delu ta kwashe da dariya har ta kusa faɗowa.

Duna ya shiga gona, ya ci, ya ci, ko tsayawa tuƙa bai yi ba. Can sai ya ji gefensa na hagu yana tasowa. Delu ta sauko ta ƙwanƙwasa da baki. Gam! Gam!

"Yaya Duna, cikinka ya zama ganga!"

"Ƙiba ce, 'yar ƙauye. Haka take farawa, ta gefe ɗaya."

Ya dawo garke yana taku ɗai-ɗai. 'Yan karsana suka zuba masa ido. Ya buɗe baki zai yi ruri, sai wani siririn kuka ya fito, "Iiiik." Numfashi ya ƙi shiga. Idanu suka firfito, ya fara neman wurin kwanciya.

"Inna... Innata... mutuwa zan yi."

"Au, yanzu na zama Innarka? Kada ka kuskura ka kwanta, in ka kwanta ka tafi! Ɗora ƙafafun gaba kan surin can. Delu, kawo kara!"

Aka gitta masa kara a baki kamar linzami.

"Tauna!"

"Inna, 'yan mata na kallo," ya faɗa da ƙyar, yawu na dalala.

"Su kalla. Tauna na ce!"

Ya tauna, ya tauna, Inna Guzuma na tura cikin da goshi. Sai ga wata gyatsa, gaaaarrr! Delu ta yi sama ba shiri, maruƙa suka watse, wani kare a nesa ya kama haushi. Aka sake wata, aka sake wata. Duna ya sace, ya koma siririnsa na jiya.

Wata karsana ta leƙa hagunsa, ta leƙa damansa. "Ikon Allah! Ina ƙibar ta shiga?"

"Gabas ta yi," in ji Delu tana gyara fuka-fuki. "Ta gabana ta wuce."

Ranar wani bijimi ya ja gaba. Duna kuwa can ƙarshen layi, bayan maruƙa, da karansa a baki, don Inna ta ce in ya yar kafin mashaya sai ta gitta masa wani.

Darasin wannan labari shi ne, abin da ya cika ka cikin gaggawa ba lalle ƙiba ba ce, wani lokaci iska ce kawai. Kuma idan babba ya ce ka jira raɓa ta bushe, ka jira, tun kafin ka tauna kara a gaban jama'a.