Kurciya Mai Bakin Shirwa

Akwai wani mutum mai suna Barnaba, sana'arsa zane a kwamfuta. Yana da ɗan shago kusa da tashar mota, inda yake tsara katin biki da kalanda. Wata rana Mama Dinatu, shugabar Zumuntar Mata ta gundumarsu, ta kawo masa aikin da bai taɓa samun irinsa ba: zanen atamfar da mata za su yi anko da ita a babban taronsu na shekara. Fararen kurciyoyi take so a kan shuɗi. Ta ja masa kunne sosai, gama in aka kai zane kamfani aka buga, babu sauran gyara. Abin da ya fito shi dukan matan gunduma za su ɗaura, in kuwa ya ɓaci, ita za a nuna da yatsa. Ku da kuka san iyayenmu na Zumunta, kun san ba sa ganin aibi su yi shiru.

A manhajar da Barnaba yake aiki da ita, ɗige-ɗige ake kafawa, layi yana bi daga wannan zuwa wancan, kamar igiyar shanya a kan sanduna. In ka ja ɗigo ɗaya, sai layin ya biyo shi. Da haka ya zana kurciya guda, ya ajiye ta a gefe, ya kira ta uwa. Sauran bai sake zana su ba. Daga jikin uwar ya fitar da su, kowace tana ɗaure da ita, duk abin da ya taɓa uwar sai ya bayyana a jikinsu. Ya baza su ko'ina a kan shuɗin, manya da ƙanana.

Amma da ya zo kan ta tsakiya, sai son nuna gwaninta ya kama shi. Ya ƙara mata girma, bai ishe shi ba, yana so ya yi mata doguwar wutsiya mai ado. Manhajar kuwa ba ta yarda a sa wa 'ya abin da uwa ba ta da shi, sai an raba su. Barnaba bai yi wata-wata ba, ya raba ta da uwarta, ya yi mata wutsiyar, ya zauna yana sha'awar aikin hannunsa.

Da ranar kai aiki ta matso, Mama Dinatu ta zo gani. Ta sa tabarau, ta kai fuska kusa da kwamfutar, ta daɗe tana dubawa. Can ta ce, "Ɗana, waɗannan ai shirwa ce ka zana mana."

Barnaba ya so ya yi musu, amma wa zai yi gardama da matar da take kiwon kaji tun kafin a haife shi? Ta san bakin da yake kwashe mata 'yan tsaki. Ya duba da kyau, ashe ɗigon da yake ƙarshen bakin uwar ya ɗan sunkuya ƙasa, bakin ya lanƙwashe, dukan 'ya'yan kuma sun gaji lanƙwasar. Hankalin Mama Dinatu ya tashi. Ta dubi yawan tsuntsayen, ta ce ko kwana zai yi yana bin su ɗaya-ɗaya ba zai gama ba, in ma ya gama, bakinsu ba zai zo daidai ba.

Barnaba ya yi murmushi, ya roƙe ta ta zauna. Ya koma wurin uwar, ya kama ɗigon nan guda, ya ɗaga shi kaɗan. Nan take bakin kurciyoyin duk ya miƙe, daga sama har ƙasa. Mama Dinatu ta tafa hannu, ta yi dariya har tabarau ya zame mata, ta yi ta sa masa albarka.

Ta miƙe za ta tafi ke nan, sai idonta ya faɗa kan ta tsakiya. Tana nan da doguwar wutsiyarta, da bakinta na shirwa, gyaran bai kai gare ta ba. Kunya ta kama Barnaba. Ya bayyana mata abin da ya yi, ya ce abu mafi sauƙi shi ne ya goge ta, sauran sun isa su cika zanen.

Ta ce, "Kada ka goge ta. Ba za a iya mayar da ita wurin uwarta ba?"

Ya ce za a iya, amma wutsiyar da ya sha wahala a kai za ta tafi.

"Ta tafi mana. Wa ya aike ka wutsiya?"

Ya mayar da ita. Wutsiyar ta ɓace, bakin ya miƙe, girmanta da wurinta kuwa ba su canja ba. Mama Dinatu, da yake ba ta rasa abin gyara, ta ce idon ma ya yi ƙanƙanta. Barnaba ya taɓa idon uwar, sai dukansu suka buɗe ido tare, har da ta tsakiya. Ranar taro mata suka ɗaura atamfarsu suna ta murna, Mama Dinatu ta kwana da zuciya fara fat.

Ma'anar wannan misali ita ce, kurciyoyin nan mu ne, abin da muke ɗaure da shi kuwa Ubangijinmu Yesu ne. Sai dai ku lura, shi ba shi da lanƙwasa kamar uwar da Barnaba ya zana, lanƙwasar tamu ce. Mutumin da yake manne da Ubangiji, cikin addu'a da jin Maganarsa da zumunci da 'yan'uwa, gyara yana isa gare shi ko bai san lokacin ba. Yau a miƙe masa harshe, gobe a buɗe masa ido. Wanda ya ware kansa domin yana ganin ya fi sauran, zai riƙe adonsa, ya riƙe mugun halinsa tare, gyara yana wuce shi kullum.

In kai ne ka ware, ɗan'uwa, ka komo. Abin da za ka rasa girman kai ne kawai, wurinka yana nan.

Mu da muke ciki kuma, kada mu yi saurin gogewa. Kowannenmu ya san wani da ya daɗe bai shigo ɗakin sujadar nan ba, mun kuwa ce a ranmu sauran sun isa. Ba su isa ba. In an tashi sujada yau, kafin ka je gida cin tuwo, ka bi ta ƙofarsa ka yi sallama.