Takin Mai Turare

Akwai wani mai sayar da turare da ake ce wa Na-Ƙamshi, wanda idan ya gifta sai layi ya yini yana ƙamshi. Rana ɗaya ya fara tara taki a bayan gida, wai zai shuka tumatirin da zai kunyata na kasuwa.

Ɓawon ayaba, ragowar miya, ruɓaɓɓen ganye, duk ya jibga. Ya sani sarai taki na son busasshen abu da iska, amma ina! Mai farar riga ne zai fita tsintar ganye a titi?

Wari ya tashi. Na-Ƙamshi ya lulluɓe takin da leda, ya juye masa kwalbar turare. Wari ya sha turare ya ƙara ƙiba.

Da maƙwabta suka fara toshe hanci, gogan ya riƙe haɓa ya ce ai kwatar kafintan da ke jikin katangarsa ce. Kafinta, bawan Allah, ya yi ta yasar kwata, bai ci ba bai sha ba.

Uwargida ce ta ƙi yarda. "Maigida, hancina ba na aro ba ne. Ko warin nan ya tafi, ko masu shara su kwashe dukiyar taka."

Maganin kuwa dusar katako ce, kuma a shagon kafinta take.

Na-Ƙamshi ya je, ya gaishe shi, ya tambayi lafiyar zarto da guduma, daga ƙarshe ya fasa ƙwai.

Kafinta ya ce tun ranar farko ya sani. "Kwatata dai ta gode, maƙwabci. Ba ta taɓa samun gata irin wannan ba." Ya cika masa buhu, da sharaɗin ya ɗauka a ka, da rana tsaka.

Ya ɗauka, da farar rigarsa. Ya yaye leda, ya daina zuba miya mai maiƙo, yana bin jiƙaƙƙe da dusa, yana juyawa da shebur. Takin ya yi baƙi wuluk, yana ƙamshin ƙasar da ta sha ruwan farko.

Kwandon tumatir na fari gidan kafinta ya shiga. Yanzu duk baƙon da ya zo, sai an ja shi bayan gida ya sunsuna taki kafin a ba shi ruwa.

Darasi: Abin da aka rufe shi ke wari, ko taki ko laifi. Buɗe shi ya sha iska. Ku tura wa 'yan uwa, ba ku kwashe hikimata kyauta ku yi gum kamar yadda kuka saba ba.