Dalilin da Ya Sa Fadama Ke Ƙara wa Girgiza Gishiri

Dalilin da ya sa masu na'urar jin motsin ƙasa suka gina ɗakinsu a kan dutsenmu, ba a fadama ba, shi zan faɗa muku. Ke Ladidi, ajiye wayar nan, tarihin gidanku ne.

A da can, Dutse da Fadama wa da ƙanwa ne, 'ya'yan Ƙasa. Idan uwarsu ta juya a kwancinta, su biyun sukan isar wa mutane da motsin daidai yadda yake.

Sai kakarmu Daso ta iso da jama'arta, suna neman inda za su kafa rumbu. Irin gero ɗaya ya rage musu. In rumbun ya faɗi, shekara ta tafi da su.

Wanta Jatau ya ce, "Fadama za mu. Ga ruwa, ga laka mai daɗin gini. Wa zai riƙa hawa dutse da tulu?"

Daso ta ce, "Yaya, ƙafarka kake ji wa, ni cikin yara nake ji wa. Bari mu gwada su."

Ta cika ƙwarya biyu da ruwa, ta ajiye ɗaya a kan Dutse, ɗaya a kan Fadama. Ta ce duk wanda ya riƙe mata ruwanta, a bayansa za a zauna.

Ana nan, sai Ƙasa ta juya. Dutse ya ɗan motsa, ruwan ya yi rawa ya kwanta. Ita kuwa Fadama, don a san ta fi kowa jin uwarta, sai ta kama kaɗawa kamar kunu a akushi. Uwar ta daɗe da yin shiru, ita tana yi. Ƙwarya ta kife.

Jatau ya dubi ƙwaryar, ya sosa ƙeya, ya ce, "To, miƙo tulun."

Fadama ta fusata. Ta ce, "Ni za a ƙi? Daga yau duk abin da uwata ta faɗa sai na ninka shi!"

Daso ta ce, "Ninka, baiwar Allah. Albasa za mu shuka a kanki, ita ba ta faɗuwa."

Rumbun nan da aka kafa a kan Dutse ya tsaya, geron ya kai damina, ga ku nan kuna ci kuna ƙin wanke kwano.

Shi ya sa har yau, in ƙasa ta motsa, ƙaramar na'urar da aka binne a fadama sai ta zana layi tsalle-tsalle kamar gari ya tashi, ta kan dutsenmu kuwa ta faɗi abin da ya faru, ba ƙari. Da ta dutsen nan masu na'urar suke auna sauran. Kai Tanimu, in ka ƙara yi mini ƙorafin hawa da jarka, fadama zan kai tabarmarka.